Humrar Inna da Watannin Takaba

Innata ba ta taɓa yarda a kira humrarta kayan kwalliya ba. Magani take ce mata. In baƙuwa ta shigo ta shaƙa ta ce, "Kai, amarya anka yi gidan ga?" sai Inna ta harare ta, ta ce ita ta wuce wannan shirmen tun mai maganar tana goye. Humra dai kowace mace ta san ta, turare ne na ruwa mai kauri da ake haɗawa a gida. Amma ta Inna ba don biki aka yi ta ba, ba kuma don miji ba. Don ƙirjinta aka yi ta.

Abin da ke damun ƙirjin nan kuwa Baba ne. Direban babbar mota ne, yana ɗaukar siminti daga garinmu Malbaza ya kai Yamai, ya kai Maraɗi da Damagaram, wani sa'in har Agadas. A shekarun tamanin babu wata waya da za ka buga ka ji mutum ya sauka lafiya. In ya tafi ya tafi ke nan, sai ranar da aka ji hon ɗin motarsa a bakin kwalta. Inna kuwa Allah ya yi ta da saƙe-saƙe. Kafin mota ta bar gari ta riga ta kifar da ita a zuciyarta, ta tara jama'a, har ta fara karɓar gaisuwa. Daga nan sai numfashi ya soma yi mata gardama. Takan ce kamar an ɗora mata turmi a ƙirji, tafin hannunta ya yi sanyi ƙalau ko da a tsakiyar bazara ne.

In abin ya taso ba ta kiran kowa. Sai ta ajiye duk abin da ke hannunta, ko da tuwo ne a wuta, ta shiga ɗaki ta zauna a bakin gado. Ta ɗiga humrar a tafin hannu, ta murza, ta rufe hanci da baki da hannuwan biyu, ta dinga ja a hankali tana salati a ciki. Abin da ya rage a yatsunta ta shafa a gefen goshi da ƙasan wuya. Mu yara muna leƙe ta labule, muna ganin kafaɗunta suna sauka kaɗan-kaɗan. Can sai ta fito ta ce wa ya bar tuwo ya kama, kamar ba ita ta bar shi ba. In muka ji faɗa mun san Inna ta dawo.

Baba ya san da wannan, ya kuma mai da shi abin tsokana. In ya dawo, tun daga zaure zai ɗaga hanci. In ya ji ƙamshin ya yi ƙarfi sai ya ce, "To, yau kuma ina anka kashe ni? Dosso ko Dogon Dutsi?" Inna ta ce, "Ci gaba da wasa da bakinka," tana karɓar jakarsa tana ɓoye murmushi. Shi ne kuwa mai kawo mata itacen sandal duk sanda ya samu a hanya.

Sauran kayan haɗin a kasuwar Ƙonni take sayo su, wurin masu kawo kaya daga Sakkwato: kajiji, wato saiwar nan ta fadama mai ƙamshi, da kanumfari, da farce, da madarar turare a 'yan ƙananan kwalabe. Farcen nan shi na tsana. Ɓawon wata halittar ruwa ne, in ba a jiƙa shi an kankare an soya ba warinsa sai ya kori mutum daga gidansu, ni kuma don ni ce babba ni ce mai kankara. Ina yi ina ƙunƙuni. In Inna ta daka ta tankaɗe ta haɗa, sai ta ɗura a kwalba, ta toshe bakin da tsumma da kakin zuma, ta binne ta a yashi mai laima a gindin randa. Wata da watanni ba ta taɓa ta. Ta ce in aka buɗe da wuri ƙamshin hawa kai yake yi, ita kuwa mai sauka ƙirji take so.

Matan unguwa sun san ƙofarmu. Wadda mijinta ya tafi cin rani Abijan ya yi shiru, da wadda ɗanta zai zauna jarrabawa, da wadda cikin fari ya tsorata, duk sukan shigo da la'asar su miƙo gefen mayafi. Inna ta ɗiga musu, ta ce su zauna su ja, kada su yi magana. Sharaɗin nan na ƙarshe shi ya fi yi musu wuya.

Ni ce 'yar fari, don haka akwai alkunya tsakanina da ita. Ba ta kiran sunana, sai dai "ke", ba ta kuma faɗa mini abin da ke ranta kamar yadda take faɗa wa ƙannena. Na saba da haka, ban taɓa jin ciwonsa ba. Da na gama lakwal, wato makarantar boko, aka yi mini aure na tare a Illela, tamu ta Nijar, arewa da Ƙonni, inda mijina ke aiki a buro, wato ofishin gwamnati.

A farkon shekarun casa'in Baba ya rasu. Duk mutuwar da Inna ta yi masa a hanya, ba ko ɗaya da ta same shi. Lafiya lau ya dawo daga tafiya, zazzaɓi ya kwantar da shi, ya cika a kan gadonsa da hantsi. Bazara ce mai zafi, ba a jira kowa ba. Wani direban taksin ƙauye ne ya kawo mini saƙon a Illela, kafin in iso Malbaza maza sun dawo daga maƙabarta suna zaune a ƙofar gida. Ban ga fuskarsa ba, ban ga fitar da shi ba. Har yau abin yana yi mini zafi.

Na shiga na tarar Inna ta riga ta shiga takaba, zaman nan na wata huɗu da kwana goma da mace ke yi in mijinta ya mutu. Mai kula da zaman kuwa Gwaggo ce, yayar Baba, da ta zo daga wani ƙauye kusa da Dogarawa tun yana kwance. Gwaggo ta binne maza biyu, saboda haka a sha'anin takaba ba ta karɓar gyara daga kowa. Ta cire wa Inna 'yan kunne, ta ɗauke tozali da lalle, ta musanya sabulunta da sabulun salo, ta ba ta wani zane mai launin toka. Kaskon turaren wuta ta kife shi a bayan ɗaki. Kwalbar humra kuwa ta naɗe ta a tsumma ta kulle a akwatinta na ƙarfe, ta ɗaura makullin a haɓar zane. Mai takaba ba ta shafa ƙamshi, kowa ya san wannan, ni ma na sani.

Amma sani daban, gani daban. Da aka watse daga zaman makoki gida ya yi shiru, sai turmin nan ya dawo ƙirjin Inna, wannan karon kuma ya ƙi sauka. Ta daina barci. Da safe zan same ta jingine da bango, hannu a ƙirji, baki a buɗe tana neman iska. Tuwo ya kwana a gabanta. Ƙasusuwan wuyanta suka fito har zanen toka ya dinga zamewa. Na kai ta wurin likita, ya auna ta, ya ce tunani ne, ya ba ta wasu ƙwayoyi farare. In ta sha sai ta wuni tana kallon wuri ɗaya, a kira ta ba ta amsawa da wuri. Da kanta ta daina sha. Tsoro ya kama ni sosai, don na ga alamar in aka ci gaba a haka za mu yi makoki biyu a shekara ɗaya.

Ni kuwa na san inda maganin yake. Yana cikin akwatin ƙarfe, a ɗaki ɗaya da mai ciwon. Wata safiya na tare Gwaggo a madafa tana yanka albasa.

"Gwaggo, ki ba ni kwalbar Inna. Ba kwalliya za ta yi ba, shaƙa kawai za ta yi."

Ta ajiye wuƙa ta dube ni sama da ƙasa. "Ke ɗiyag ga, lakwal ta ɓata ki. Mai takaba da humra? Ina kinka taɓa ji? So kika yi a hwaɗi cikin gari ƙanena bai ruɓe ba matatai ta koma ƙamshi?"

"To in ta mutu fa, mi za a hwaɗi?"

"Ba ta mutuwa. Ni na yi har sau biyu, ga ni ina yanka albasa."

Na so in ce mata ai ita ko a gidan biki albasa da daddawa ne turarenta, me za ta rasa? Allah ya taimake ni na haɗiye. Na yafa mayafi na nufi wurin limamin unguwarmu, tsohon abokin Baba. Na durƙusa na gaishe shi, na zayyana masa komai, ina yi ina share hawaye. Ya saurare ni yana jan tasbaha. Sannan ya ce asali dai mai takaba nesa take da ƙamshi, amma in ciwo ya kai haka, an kuma gwada wani magani bai yi ba, addini bai zo don ya halaka rai ba. Ya ce a ɗiga a tsumma ta shaƙa a cikin ɗaki, kada ta shafa a jiki ko a tufa.

Na dawo gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Na maimaita wa Gwaggo maganar liman a tsakar gida da ƙarfi, don maƙwabta ma su ji ta katanga. Ta taɓe baki, ta kwance haɓar zane, ta jefo mini makulli. Na ɗauka na shiga ɗaki ina cewa, "Inna, malam ya yarda, yanzu za ki samu sauƙi."

Ban kai ga akwatin ba ta ce, "Ke, bar ta inda take."

"Inna, malam fa da bakinshi…"

"Na ji. Bar ta."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma dube ni ba. Na tsaya da makulli a hannu, raina ya ɓaci ƙwarai. Na ɗauka bakin mutane take tsoro, ko Gwaggo, ko kuwa tana ganin rage wa Baba haƙƙinsa ne. Na ce a raina wannan wace irin mace ce, tana nutsewa an miƙo mata hannu tana cewa a bari sai an gama takaba. Amma tsakanina da ita ba a ja-in-ja. Na mayar wa Gwaggo makullinta, ita kuwa ta karɓa da fuskar wadda ta ci shari'a.

Tunda an hana ni ƙofa sai na bi ta taga. Na shiga neman ƙamshin da ba wanda zai kira shi turare. Na sayo lemu a tasha na dinga ɓarewa kusa da ita ina matse ɓawon. Na karɓo nobe, ciyawar nan mai ƙamshi, wurin wata Bafulatana mai kawo mana nono, na shimfiɗa a ƙarƙashin tabarmarta. Na sayo sabon tulu na dinga yayyafa masa ruwa ina ajiyewa a gefen kanta. Gwaggo tana kallona ta wutsiyar ido, tana neman inda za ta kama ni, ta rasa. Ta ce, "Yanzu kuma tulu za a hana wa mutum?" ita da kanta ta ba kanta amsa.

Abin ya ɗan taimaka, ba zan yi ƙarya ba. Ranar da aka yi ruwan farko da azahar, Inna ta ja jiki ta zauna a bakin ƙofa, ta lumshe ido tana shaƙar ƙasa. Da ruwa ya ɗauke na same ta tana barci a zaune, kanta jingine da dokin ƙofa. Na hana kowa motsi, har kaji na kora. Da ɗoɗɗoya ta fito a bayan gida na dinga tsinkowa ina zubawa a ruwan zafi, in kai mata kwanon ta sunkuya a kai. Duk wannan a wurina riƙon ƙwarya ne. Na riƙa kai da komo tsakanin Illela da Malbaza, mijina yana haƙuri, ni kuma ina faɗa wa ƙannena su daure, ranar da aka fita takaba aka buɗe kwalbar nan Inna za ta dawo mana. Na yarda da wannan maganar har cikin raina.

Ranar fita ta zo a tsakiyar damina, gero ya kai ƙugu. Tun da safe mata suka cika gidan. Aka yi wa Inna wanka, aka yi mata kitso, aka sa mata lalle da tozali, ta ɗaura sabuwar atamfa da muka haɗu muka saya mata. Aka dafa abincin sadaka. Ta rame, amma ta yi kyau, har wata maƙwabciya ta fara tsokanarta da zawarawa. Gwaggo ta buɗe akwati da hannunta ta miƙo mini kwalbar, ta ce, "Ungo, kin huta da ni."

Na durƙusa gaban Inna a tsakiyar mata. Na cire toshiyar, ƙamshin ya tashi ya cika ɗakin, matan suka ce, "Uhm, gida ya dawo." Ni kaina sai da na ji wani sanyi ya ratsa ni. Na kamo hannunta na ɗiga mata a tafi, kamar yadda na ga tana yi tun ina yarinya.

Ta kai hannun rabin hanya zuwa fuskarta ta tsaya. Ta yunƙura ta tashi, ta ture ni, ta fita da sauri zuwa bayan ɗaki, muka ji tana amai. Na bi ta da buta. Na same ta durƙushe tana goge tafin hannunta da jiƙaƙƙiyar ƙasa, tana gogewa da ƙarfi har lallen da aka sa mata da safe ya dusashe.

"Inna, mi ya hwaru? Ta lalace ne?"

Ta girgiza kai. Sannan ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta saba yi ba.

"Ba humra nika ji ba. Makara nika ji. Da ita anka shirya babanku."

Ban gane ba sai da Gwaggo, da ta biyo mu, ta yi magana daga bayana. Muryarta ta sauya, ba irin ta madafa ba.

"Ni niɗ ɗauko ta. Masu wanka sunka aiko a ba da turare na likkafani. Nic ce ƙanena ba shi tahiya da turaren tebur alhali ga wanda shika so cikin ɗaki. Niz zuba masu da yawa."

Daga nan na ji sauran. Kafin a fitar da shi an kira Inna ta yi masa addu'a ta yafe masa, kamar yadda ake yi. Ta durƙusa wajen kansa, an riga an naɗe shi, ba ta ga komai nasa ba sai farin ƙyalle. Turmin ya danne ta a wurin, ta ja numfashi da ƙarfi don kada ta faɗi a gaban maza, abin da ya shiga ƙirjinta kuwa humrarta ce, tana tashi daga likkafanin. Tun daga ranar, ta ce, ko tunanin kwalbar ta yi sai ta gan shi a naɗe. Duk watannin nan da nake faɗa da Gwaggo, nake zuwa wurin liman, nake lissafin ranar fita, ita ta san babu abin da ke jiran ta a cikin akwatin nan.

Gwaggo ta zauna daɓas a ƙasa mai laima da sabon zanenta. Ta ce, "Wallahi don so niy yi. Mi nis sani?" Sai ta fashe da kuka, ita da ban ga hawayenta ba ko ranar rasuwar. Na nemi haushinta a raina na rasa. Inna ce ma ta miƙa hannu ta dafa ta, ta ce ta yi daidai, da ita aka tambaya ita ma wannan kwalbar za ta bayar.

Na ce to a haɗa wata, a sauya kayan, a cire sandal, a cire kajiji, ni zan je Ƙonni da kaina, ni zan kankare farce ba ƙunƙuni. Inna ta ce in bari. Ta ce hannunta haɗi ɗaya ya iya, kuma ko na wata ta shaƙa nan zai kai ta. Ba ta sake binne kwalba a gindin randa ba. Matan unguwa suka yi ta zuwa da gefen mayafi suna komawa haka nan, har suka daina. In ƙirjin ya taso mata sai ta shiga ɗaki ta zauna a bakin gado har ya gaji ya sake ta, wani sa'in wuni guda.

Ranar da zan koma Illela ta kira ni ɗaki. Kwalbar tana ƙasa kusa da ƙofa, an naɗe ta da tsumma a kan tsumma, ta nuna mini ita da haɓa ba ta taɓa ba.

"Tahi da ita. Ki aje wuri mai sanyi, kar ki buɗe. In nawa ya zo, ku zuba mani ita. Dut."

Na ce, "Haba Inna." Ta ce, "Ke, mota na jiran ki."

Na shiga taksin ƙauye da kwalbar a cikin jakata a kan cinya. Mun cika maƙil, ga zafi, ga hanya ta lalace da ruwa. Duk naɗin da aka yi mata bai hana ƙamshinta fita ba. Mun yi nisa sai matar da ke kusa da ni, mai goyo da ya sha kuka ya yi barci, ta sunkuyo ta ce, "Baiwar Allah, turarenki na da daɗi. Tun sahe kaina ka ciwo, yanzu na ji ya sauka. Ina aka saida shi?"

Na juya fuskata wajen taga don kada ta ga idona. Na ce mata mai yin shi ta bari.